Shunin da Ya Kama Hannun Saude

Ana gama cin tuwo aka ɗauke wuta. Yaya Uwani, 'yar kawunsu da ta zo musu kwana biyu, ta jawo tabarma ƙarƙashin rumfa, yaran gidan suka kewaye ta. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Kowa ya yi bisimilla," ta ce. "Wannan ba tatsuniya ba ce. Matar da abin ya faru da ita tana nan da ranta. Mai tsoro ya tashi tun yanzu."

Ba wanda ya motsa. Sai ta rage murya, ta fara.

A wani gari da ba sai an kama sunansa ba, akwai gidan tarihi. Tsohon ginin ƙasa ne mai soraye a jere, da katanga mai kauri. A can ƙuryar gidan, in ka wuce wani dogon lungu mai duhu, nan ɗakin ajiya yake. Mai kula da shi wata mata ce, Malama Saude. Shekararta goma sha takwas a ɗakin nan. Ta san kowane akushi, kowane takobi, kowace ƙwarya. Ko da ido rufe za ta ɗauko maka abin da ka tambaya.

Wanda ya koya mata aikin wani dattijo ne, Malam Jatau. Ranar da zai yi ritaya ya kai ta gaban wata adaka ta ƙarfe da ke jingine da bango, ya buɗe. Mayafi ne a ciki, na saƙi, rinin shuni, baƙi wuluk yana ƙyalli. Mutanen wani ƙauye ne na gindin dutse suka kawo shi, lokacin da aka tashe su za a yi dam.

"Wannan ba namu ba ne," in ji Malam Jatau. "Su ma da suka kawo shi ba nasu ba ne. Ajiya aka ba su. Duk shekara, kafin ruwan fari, ki fitar da shi ya sha iska a inuwa. Kada ya taɓa ƙasa. Kada ya jiƙa."

"Na wane ne, Malam?"

"Ke dai ki yi abin da na ce."

Haka kuwa ta yi ta yi, shekara da shekaru, har Malam Jatau ya rasu. Ba ta taɓa ganin komai ba. Ba ta taɓa jin komai ba.

Sai aka kawo sabon Darakta, Alhaji Maikano. Daga wata ma'aikata aka turo shi, bai san akushi ba balle asalinsa. Mataimakinsa kuwa, Malam Haladu, ya daɗe yana jiran kujerar nan, sai ga shi an ɗora masa baƙo a ka. Tun daga ranar gidan ya rabe biyu. Akwai 'yan Darakta, akwai 'yan Mataimaki. Ba sa cin abinci tare. Har butar alwala kowane ɓangare da tasa. In ka gaisa da wani da safe, kafin azahar labari ya kai ofis. Abin da Darakta ya ce a yi, Malam Haladu zai danne takardar. Abin da Malam Haladu ya kawo, Darakta zai ce a dakata.

Darakta bai yarda da kowa ba. A watansa na biyu ya sa aka tattaro duk makullan gidan, ya zuba a durowarsa. Na adakar nan ma ya tafi. Saude ta roƙa a bar mata shi, ya ce doka ba ta da ɗan gida.

Bazara ta zo ta wuce, mayafi bai sha iska ba. Ruwan fari ya sauka. A ruwa na uku rufin ɗakin ajiya ya fara yoyo, daidai saman adakar. Ta yi ƙoƙarin ja, adaka ta ƙi motsi, don tun zamanin Malam Jatau aka kafe ta da bango saboda ɓarayi.

Ta rubuta takarda. Aka dawo mata da ita, wai ba ta bi ta hannun Mataimaki ba. Ta sake rubutawa, ta kwana ashirin a teburin Malam Haladu. Ta uku ta dawo da jan biro a gefe: "A tattauna." Ta huɗu ɓata ta yi. Ana cikin haka aka shafe gaban gidan da farin fenti, aka dasa furanni a bakin ƙofa, wai manyan baƙi za su zo. Baƙin ba su zo ba. Saude ta kwaso robobi da kwanoni daga gidanta ta jera ƙarƙashin yoyo. Ta rufe adakar da leda. Ruwa ya bi ta jikin bango ya shiga ta baya.

Wata ranar Juma'a, an yi ruwa da safe. Rana ta take tsaka. Maza duk sun tafi masallaci, matan ofis sun sulale gida. Gidan ya yi tsit. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa a cikin roba. Ɗis. Ɗis.

Saude tana durƙushe tana matse tsumma, ta ji sallama a bayanta, dab da ƙeyarta. Ta amsa, ta juya. Bango ne kawai. Da ta maido kanta, sai ga mutum tsaye a bakin ƙofa, a gabanta.

Tsoho ne dogo, siriri, da baƙar riga har ƙasa. Hannayensa shuɗi ne har gwiwar hannu, irin na marina. Wani wari ya cika ɗakin, warin toka da ruwan rini. Lungun da ya biyo duk caɓi ne, amma bakin rigarsa a bushe yake.

"Sannu da aiki, 'yar nan."

Leɓɓansa a gabanta suka motsa. Muryar kuwa daga bayanta ta fito.

Ta sunkuyar da kai, kuma da ma ba ta sunkuyar ba. Iska ta ɗan ɗaga rigar. Dugadugansa ne ke gaba. Yatsun suna kallon inda ya fito.

Ta fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Tsohon ya jira ta har ta gama, kamar mai jiran a idar da salla.

"Ba cuta ta kawo ni ba," ya ce. "Ke ce mai ɗakin?"

"Ni mai tsaronsa ce, Baba. Masu shi suna ofis."

"Na je. Sati uku ina zarya. Mai gadi ya tura ni wurin sakatare. Sakatare ya ce in ga Mataimaki. Mataimaki ya ce ba huruminsa ba ne. Babban ya ce in rubuto takarda."

"Sun gan ka?"

"A ofis ba wanda ya ɗaga kai. Da sun ɗaga, da sun gani."

Ya miƙa dogon yatsansa ya nuna adakar.

"Mayafin tsohuwata ne. Tun da ruwa ya fara taɓa shi take tari. Ba ta barci. Mu ma ba ma yi."

"Makullin ba ya hannuna, Baba. Wallahi na rubuta, na roƙa."

"Na sani. Shi ya sa na zo wurinki da sallama." Ya sauke hannunsa. "Juma'a mai zuwa, war haka. In ya bushe, mu zauna. In bai bushe ba, mu tashi."

"Ku tashi daga ina?"

"Kina zaton azara ce ke riƙe da gidan nan?"

Ruwa ya ɗiga a roba, ta ƙifta ido. Bakin ƙofa wayam. Ta leƙa lungu. Sawunta ne kaɗai a cikin caɓin, na shigowarta da safe.

Ranar Litinin akwai taron ma'aikata. Yadda aka saba, Darakta ya karanto sunayen waɗanda suka makara, kowa ya sunkuyar da kai, a watse. Ran nan Saude ta ɗaga hannu. Ba ta ambaci tsohon ba, ta san dariya za a yi mata. Ta ce kawai mayafin da ya fi komai daraja a gidan yana ruɓewa, a ba ta makulli na awa ɗaya.

Darakta ya cire tabarau ya dube ta, sannan ya dubi Malam Haladu.

"Wa ya aiko ki?"

"Ranka ya daɗe, ba wanda ya aiko ni."

"A gaban jama'a za ki nuna ban san aikina ba? Na san masu kitsa wannan. Ki bi ta hanyar da aka tsara. Zauna."

Ta zauna. Mutum ashirin da wani abu a ɗakin, ba wanda ya goya mata baya. Da aka fito, har waɗanda suke gaisawa da ita suka canza hanya.

Da la'asar Malam Haladu ya aika aka kira ta. Ya rufe ƙofa, ya yi mata fara'a, har da ba ta kujera.

"Malama Saude, kin yi ƙoƙari yau. Amma bar shi ya ruɓe."

"Yallaɓai?"

"Ya ruɓe ɗin. Ranar da aka buɗe aka ga ɓarna, makulli a durowar wa yake? Ke dai ki rubuta min duk abin da kika sani a kansa, ki sa hannu. Sauran ki bar mini."

"Yallaɓai, ni mayafin nake so ya tsira."

Fara'ar ta ɗauke daga fuskarsa. "To ashe ke tasa ce. Jeki."

Ta fito ta samu Baba Nomau, mai gadin ƙofa, yana jan carbi a kan bencinsa. Ta tambaye shi ko ya ga wani tsoho mai baƙar riga. Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Na gan shi. Sau uku. Duk ranar da ya shigo, tsuntsayen bishiyar nan shiru suke yi har yamma."

"To, Baba, zo mu je ka faɗa wa Darakta."

Ya girgiza kai. "Wata takwas ya rage min in yi ritaya, Malama. Ban ga kowa ba. Ke ma ki yi kamar ba ki gani ba."

Talata aka yi ruwa. Laraba aka yi ruwa. Alhamis ta je ofishin Darakta ta tsaya tun safe, sakatare ya ce yana ganawa da mutane. Da azahar ta hango motarsa tana fita ta ƙofar baya. Ta koma ɗakin ajiya ta zauna kusa da adakar. Da ta kara kunnenta a jikin ƙarfen, sai ta ji kamar tari, can ƙasa-ƙasa, na tsohuwa wadda ƙarfinta ya ƙare.

Ranar Juma'a ta zo da guduma a cikin jakarta, naɗe da ɗankwali. Ta san abin da fasa kwaɗon hukuma yake jawowa. Tana da 'ya'ya uku, mijinta ya rasu, aikin nan ne ke riƙe da su. Ta zauna da jakar a cinya har aka kira salla, har ta ji ƙarar babur na ƙarshe ya fita. Sannan ta tashi ta ce bisimilla.

Bugu uku kwaɗon ya faɗi.

Ta ɗaga murfi. Warin ruɓa ya buge ta. Ruwa ya kwanta a ƙasan adakar, baƙi ƙirin. Funfuna ta yi wa mayafin fari-fari kamar an barbaɗa gari. Ta sa hannu biyu a hankali, yadda ake ɗaukar jariri, ta ɗaga. Ya taso kamu ɗaya. Sai ya rabe. Ta sake tallabowa, ya sake rabewa, yana zubewa ta tsakanin yatsunta kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Ta durƙusa a wurin tana kuka, ba sauti.

"Ya isa, 'yar nan."

Muryar a ƙeyarta. Shi kuma yana bakin ƙofa. Amma yau ba shi kaɗai ba ne. Ba ta ga kowa a bayansa ba, sai dai lungun ya cika da motsi. Takun ƙafafu masu yawa. Ƙarar kwanoni a cikin ƙunshin kaya. Kukan jariri. Irin hayaniyar mutanen da suka ɗaure kayansu za su bar gari. Ta kasa kunne ko za ta ji tarin nan. Babu shi.

"Tsohuwar fa, Baba?"

"Da asuba."

"Na makara."

"An makarar da ke."

Ya shigo. Bai taka ba, sai dai ta ga ya matso. Ya shimfiɗa gefen rigarsa, ya kwashe ragowar mayafin tsaf, har zaren da ya maƙale a jikin ƙarfe. Sannan ya kama hannayenta biyu. Sanyin hannunsa ya ratsa ta har ƙashi.

"Ke kaɗai kika kula ni a gidan nan. Ba ni da abin ba ki sai wannan. Abin da hannun nan ya ajiye, ba zai ruɓe ba." Ya sake ta. "Yanzu fita. Kada ki waiwaya."

Ta dubi kayan da ke jere a kan katakai, shekara goma sha takwas na rayuwarta. Ta kai hannu za ta ɗauki ko da akushi ɗaya.

"Kada ki ɗauki komai. Mun riga mun saki."

Sai ta ji azara ta yi ƙara a samanta. Ƙasa ta zubo mata a kafaɗa.

Ta zura da gudu. Lungun da take wucewa kullum cikin taku talatin, ran nan ya ƙi ƙarewa. Jikkuna masu sanyi suna gogar ta ta dama da hagu, ba ta ganin kowa. Wani abu kamar hannun yaro ya riƙe bakin zanenta, aka tsawata masa da wani harshe, ya saki. Takalminta ɗaya ya cire, ba ta tsaya ba. Tana faɗowa tsakar gida, cikin hasken rana, ta ji abin a bayanta. Ba wata babbar ƙara. Ɗakin ajiya da lungun da soro biyu suka durƙushe a hankali, kamar raƙumi zai kwanta.

Da masu masallaci suka dawo, suka same ta zaune a cikin caɓi, ƙafa ɗaya ba takalmi. Hannayenta shuɗi ne har wuyan hannu.

Aka kafa kwamitin bincike. Ranar zaman, a karo na farko tun zuwan Darakta, aka ga shi da Malam Haladu a kan benci ɗaya, suna magana ƙasa-ƙasa. An tono guduma a cikin ɓaraguzai, da kwaɗon da aka fasa, da adaka ba komai a ciki. Darakta ya ce bugun gudumar ne ya girgiza ginin. Malam Haladu ya ce shi da ma ya daɗe yana zarginta. Ta ce ta rubuta takarda huɗu a kan yoyon. Aka buɗe fayil, ba ko ɗaya. Aka kira Baba Nomau, ya ce shi yana masallaci, bai san komai ba. Bai yarda sun haɗa ido ba.

Shugaban kwamitin ya ce, "Ina mayafin?"

"Masu shi sun karɓi abinsu, ranka ya daɗe."

Aka yi dariya. Ya ce ta ɗaga hannayenta kowa ya gani. Ta ɗaga.

"To ga shaida a jikinki. Me kuma ya rage?"

Aka sallame ta, ba takardar yabo, ba haƙƙin ritaya. Ba a kai ta kotu ba, wai an tausaya wa marayunta. Bayan wata biyu aka ɗaga Alhaji Maikano zuwa wata babbar kujera a hedikwata. Malam Haladu ya samu abin da yake nema, ya hau kujerar Darakta. Sai dai abin da ya gada bai daɗe ba. Kafin damina ta gaba gara ta cinye gangunan da ke ɗakin nuni. Takubba suka yi tsatsa cikin sati guda. Fatu suka farfashe, ƙore suka tsattsage da kansu. Duk maginin da aka kawo, in ya yi yaɓe yau, gobe a tarar ya zube. Daga ƙarshe aka sa wa ƙofar gidan sarƙa. Ma'aikatan suna nan har yau, suna zuwa da safe su sa hannu a rajista a ƙarƙashin bishiya, 'yan wancan ɓangare a gabas, 'yan wannan a yamma.

Saude kuwa ta wanke hannun nan da sabulu, da toka, da lemon tsami, da kanwa. An yi mata rubutu ta sha, an yi mata tofi. Shunin bai ko dushe ba. Ta gwada sayar da abinci a ƙofar gida, mutane suka ga hannun suka daina saye. Ta nemi aikin shara a wata makaranta, aka ce ai ita ce wadda ta saci kayan gidan tarihi.

Yaya Uwani ta gyara zama. Wata ƙaramar yarinya a cikin yaran, Fa'iza, ta matso jikinta.

"Yaya, kyautar fa? Gaskiya ce?"

"Gaskiya ce. Tuwon da ta rufe da hannunta yakan yi sati bai yi tsami ba. Tumatir ya yi wata a kwandonta kamar yau aka tsinko. Na gani da idona." Ta ja numfashi. "Amma duk garin nan babu mai ba ta ajiyar ko allura."

Iska ta kaɗa ganyen rumfar. Yaran suka ƙara matsewa.

"Akwai wata 'yar hanya da ta bi ta bayan gidan tarihin, ta kan ɓaraguzan, tana yanke wa mutum zuwa kasuwa," in ji Yaya Uwani. "In Allah ya kai ɗayanku garin, ya zagaya ta titi, ko da rana za ta gasa shi. Ba duka suka tashi ba. Akwai waɗanda suka tsaya wurin kabarin tsohuwar, kuma su ba sa yin sallama. Kada wanda ya bi ta nan shi kaɗai. Ku tashi ku shiga ɗaki. Kowa ya riƙe hannun ɗan'uwansa."